Ƙasar da na zaɓa wa malamin jami'a

Garkata tana cikin fadamar garinmu, gefen Tamaske. Shekara uku albasata tana ƙonewa tun tana ƙarama. In ruwa ya tsotse, sai wani fari-fari ya fito a kan ƙasa kamar an barbaɗa kanwa.

A farkon hutun damina, kafin ruwa ya zauna, ɗiyar ƙanwata ta dawo daga jami'a. Ilimin sinadarai take karanta. Malaminsu ya turo su su tattaro ƙasar garake a auna a labo, ɗakin gwaje-gwajensu, garka ukun da suka fi lalacewa kuma a gwada masu magani.

Ta ba ni leda huɗu da bik na rubutu, don za ta wuce wani gari.

“Kawu, ka ɗebo daga wuri huɗu, ka rubuta lamba a jikin kowace. Ko har yanzu biyunka kwance take kamar raƙumi?”

“Ke, ja can! Mushenmu, malamin karatun manya, ya ce hannuna ya fi na kowa.”

Washegari na tsuguna a tsakiyar garka na ɗebo ƙasar nan. Fara, busassa, tana marmashewa. Na dube ta, kunya ta kama ni. Babban malami zai buɗe ledar nan a birni, ya ce wannan ita ce ƙasar kawun ɗalibarsa. A gidanmu ko gero za a kai wa baƙo, sai an zaɓi zangarniya mai cika. Na zubar. Na tafi gindin gawo inda nake tara taki, na haƙo baƙar ƙasa mai laushi, na tsince tsakuwa, na cika duka huɗun. Na daɗe ina zana lambobin. Ban taɓa rubutu mai kyau kamar na ranar ba. Da ta biyo, ta karɓi ledojin ta tafi da su.

Bayan kaka ta kira ni a waya, muryarta cike da murna.

“Kawu, albishirinka! Ƙasarka lafiya lau. Malam ya ce ita ta fi ta kowa kyau. Wataƙila irinka ne ba shi da kirki.”

Sai na faɗa mata inda na ɗebo.

“Duka huɗun, Kawu?”

“Duka.”

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce ta riga ta miƙa takardar aikinta, an kuma zaɓi garka ukun. Ta ce laifinta ne da ba ta tsaya ba. Na tambaya ko in aiko wata ledar. Ta ce labon ba na kowa da kowa ba ne, ita kuma ta gama. Ko za a turo wasu baɗi, ba ta sani ba.

Ɗaya daga cikin ukun ta maƙwabcina ce. Na ga an sauke masa buhunan wani farin gari, an cakuɗa da ƙasa. Ban san sunan maganin ba, ban kuma iya tambaya ba.

Na sake iri, na dasa. Albasar ta yi sati uku, bakin ganyen ya fara ja.

Bana ban dasa ba. Na cika leda ɗaya da farar ƙasar tsakiya, na rubuta mata lamba, na rataye a rumbu. Damina biyu ke nan ba wanda ya zo.