Kukar Paris

Ba'adare ne, mutumin Tawa, kuma har ya baro Nijar bai taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin garinsu faɗi ba. Amma da muka haɗu a jami'a a Villeurbanne, kusa da Lyon a Faransa, a shekarun dubu biyu da 'yan kai, a kan teku yake digirinsa na uku. Na sha yi masa tsiya a kan haka, shi kuwa sai dai ya yi murmushi.

Aikinsa a bakin wani kogi yake, can yammacin Faransa, inda ruwan daɗi ke gamuwa da na gishiri. Manoman yankin suna zuba wa gona taki fiye da abin da ƙasa za ta ci, ga kashin dabbobin kiwo. Ruwan sama ya wanke sinadarin azot da ke ciki zuwa kogi, kogi ya kai shi teku. Sai wata koriyar ciyawar ruwa ta samu abinci, ta lulluɓe duwatsun gaɓa, ta shaƙe katantanwa da ƙaguwa, ta ruɓe tana wari. Wannan ya fi komai ba shi haushi. "Babana yana roƙon Fulani su kwana da shanu a gonarsa," in ji shi, "nan kuwa taki ya yi yawa har yana kashe teku."

Tun daga bazara yake bin duwatsun nan in ruwa ya janye, yana tsinko ciyawar daga bakin kogi har inda ruwa ya yi tsabta. Ya shanya, ya niƙe, ya ƙulle garin kowane wuri a ƙaramar leda da lambarta. Awon azot ɗin da ke cikin ledojin nan shi ne ƙashin bayan digirinsa, ga takardar zamansa ta kusa ƙarewa.

A lokacin matarsa ta haihu, surukarsa Hajiya ta zo daga gida don jego. Ɗakunansu biyu ne kacal, amma kunyar surukuta ba ta san ƙuncin gida ba. In ta shigo falo ya fita, in zai gaishe ta ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

Da ya gama aikin gaɓa ya biyo ta Paris, ya sauka Château Rouge, unguwar da ake sayar da kayan Afirka, ya sayo wa Hajiya tsaraba: daddawa, busasshiyar kuɓewa da kuka, ita ma a ƙananan ledoji. Ya iso ranar Juma'a an rufe ɗakin awo na jami'a, ya ajiye jakar ledojin aikinsa da tsarabar a kicin, gajiya ta kwashe shi.

Washegari ya kira ni cin tuwo. Loma ɗaya na yi na ji ƙarni har ƙwaƙwalwata. Hajiya ta leƙo daga ɗaki, ni take wa magana don shi ya ji.

"Ɗana, ka ji wagga kuka ta Paris? Ba yauƙi, sai ƙarnin kihi. An cuci yaron ga."

"Wallahi, Hajiya, hannunki ne ya cece ta," na ce.

Na ga abokina ya tsayar da hannu. Ya tashi ya shiga kicin, na bi shi. Ga ledojin nan an wanke su tas, an jera a taga suna bushewa, lambobin sun goge. Hajiya ba ta son ɓarna. Ta juye garin duka, nasa da na kukar, a gwangwanin madara ɗaya, ta gauraya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce bari in je in gaya mata, ko don ta san abin da ya faru. Ya riƙe mini hannu.

"Kul. Ta baro gidanta ta zo yi mana hidima. In ta sani, ba ta sake haɗiye abinci a gidan ga. Laihina ne, ni na haɗa su jaka guda."

Idonsa ya yi ja. Ya wanke fuska a famfo, muka koma, ya cinye tuwonsa har da suɗe kwano. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba.

Ciyawar ba ta jiran kowa, sai wata bazarar. Ya sha faɗan malaminsa, ya sha layi a ofishin takardu, ya yi aikin gadi a wata masana'anta a Saint-Fons don ya riƙe gida. Ya sake bin duwatsun daga farko, ya gama a makare. Matarsa kaɗai ya gaya wa, ita ma sai da ya rantsar da ita.

Hajiya ta koma gida ba ta sani ba. Amma tun daga lokacin, duk wanda zai taso daga Tawa zuwa Lyon sai ta ɗora masa ƙullin kuka, dakan hannunta, da saƙon kada a bar yaron nan ya sake sayen ta Paris. Har ta rasu ba ta fasa ba. Ƙullin ƙarshe ya iso bayan an yi sadakar arba'in ɗinta, kuma ni ya kira muka ci tare.