Mintsinin Marka Ungozoma

Mutanen Fakku na zamanin da Tambuwal take ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, alƙalinta kuma yake yanke shari'ar ƙauyukan kewaye, sun san Marka ungozoma da wata ɗabi'a da ba su so. Duk jaririn da ya faɗo hannunta, kafin ta yanke cibiya, sai ta gantsara masa mintsini a tafin ƙafa har ya tsala ihu. Mata suna cewa tsufa ne ya busar mata da zuciya. Kaɗan ne suka san mafarin abin.

Wurin gwaggonta ta gaji sana'ar. Karatunta bai wuce na salla ba, amma hannunta ya san ciki. Da ta shafa za ta faɗi ko kai ya juyo ko bai juyo ba. Da ɓawon kara take yanke cibiya, ta binne mabiyiya a bayan ɗaki, a sallame ta da dawa ko ɗan gishiri. A da kuwa an san ta da taushin hannu.

Wata shekara da kaka, maciji ya sari wani manomi, Na'inna, a gonarsa ta fadama. Ya rasu ya bar matarsa Lauratu da tsohon ciki, ba su da wani ɗa. Aka dakatar da rabon gado har ta sauka. Naƙuda ta zo da hantsi, kowa yana gona, ɗakin daga Marka sai Atu, mahaifiyar Lauratu. Yaro ya fito namiji, jikinsa laƙwas. Marka ta riƙe cibiya, ta ji tana harbawa a tsakanin yatsunta. Ya motsa ƙafa, ya yi atishawa ɗaya, ya buɗe baki. Ta hura masa iska, ta yayyafa masa ruwa, tana lallaɓa shi don kada ta ji masa ciwo. A tafin hannunta ya cika.

Kan wannan ɗan lokaci rabon ya rataya. Idan yaron ya zo da rai, ya gaji ubansa, uwarsa kuma ta gaje shi, rabonta ya kai ga gonar fadama da za ta ci da kanta da tsohuwarta. Idan kuwa bai zo da rai ba, rubu'i kaɗai gare ta, fadamar ta koma ga Ɗangiwa, ƙanen mamacin. Ɗangiwa ya ce gawa aka haifa. Magana ta tafi Tambuwal.

A zauren alƙali aka zaunar da Marka a bayan zana. Kafin a saurare ta, sai da dattawa biyu na Fakku suka shaidi adalcinta: tana salla, ba a san ta da ƙarya ba, kuma ta daɗe a sana'ar. Ɗangiwa ya yi wuf ya ce, "Allah shi gafarta malam, tsohuwar ga tuwon gidan Lauratu taka ci, ina za ta faɗi abin da zai rufe tukunyar?"

"Tuwon gidanka ma na ci, Ɗangiwa, ranar da nic ciro ka," in ji Marka daga bayan zana. "Kai kam ka yi kuka, har yau ba ka daina ba."

Aka yi dariya, alƙali ya tsawatar. Ya ce ladan ungozoma ba ya ɓata shaida, ya karɓe ta a matsayin masaniyar abin da maza ba sa gani. Marka ta ji sanyi a ranta.

Sai alƙali ya juya ga Atu. Ya bayyana cewa a irin wannan al'amari ana buƙatar mata biyu, kuma uwa ba ta yi wa 'yarta shaida a kan abin da zai amfane ta. Ya tambaya ko akwai wata mace da ta halarta. Babu. Duk da haka ya ce a bari ungozoma ta faɗi abin da ta sani.

Ta faɗi harbawar cibiya, da motsi, da atishawa.

"Inna, ba wannan nika tambaya ba," in ji alƙali a hankali. "Ya yi kuka?"

"Malam, yaron da rai yaz zo. Hannun ga ya san mai rai, ya san gawa."

"Ban musa wa hannunki ba. Amma malamanmu sun ce motsi da atishawa kan iya zama sauran rayuwar ciki, kamar yadda ɗan akuya kan shure bayan yanka. Kuka shi ne alama, ko ya kama nono ya sha sosai. Mi kunnenki yaj ji?"

Marka tana jin numfashin Lauratu a gefenta. Kalma ɗaya ce, babu wanda zai ƙaryata ta sai Wanda ya halicci yaron. Ta kuma san ko ta faɗe ta, ita kaɗai ba ta cika biyu ba.

"Ya buɗe baki," ta ce. "Murya ba ta fito ba."

Alƙali ya yanke: rubu'i ga Lauratu, saura ga Ɗangiwa.

Suna hanyar komawa Fakku, sai suka zo daidai fadamar. Lauratu ta tsaya tana kallon shinkafar da mijinta ya shuka, ta ce, "Inna Marka, da kin ɗan mintsine shi fa?"

Kafin damina Lauratu da uwarta suka tashi zuwa Sanyinna wurin dangi.

Tun daga ranar, Marka ba ta ƙara shiga ɗakin naƙuda ba sai ta sa an kira wata maƙwabciya wadda ba ta da dangantaka da gidan, ta tsayar da ita a bakin ƙofa. Jariri na faɗowa sai ta kai masa mintsini, ya tsala ihu, ta ɗaga kai ta dubi matar ta ce, "Kin ji da kunnenki?"