Ludayi Goma Sha Bakwai

Shekarun baya, ina 'yar shekara goma sha biyar a wani ƙauye bayan Pauwa cikin ƙasar Ƙanƙara, na yi wata biyayya da har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci. Mu Kirista gida kaɗan ne a wurin, majami'armu ta ƙasa ce da rufin kwano, mu matasa kuma mu goma sha bakwai ne cif. Ni ce sarkin surutu a cikinsu. In aka yi tambaya, kafin a rufe baki hannuna yana sama, ko na san amsa ko ban sani ba.

A daminar nan malaminmu na matasa ya ɗauki mako uku yana koya mana abu uku: biyayya, tausayi, da dogara ga Allah. Mun haddace ayoyi har muna rera su a hanyar rafi. Da ya gama sai ya ce tausayin fatar baki ba ya ƙosar da kowa, mu nemo wanda za mu taimaka da hannunmu. Ni na yi zumbur na ce Iya. Iya tsohuwa ce gwauruwa a majami'armu, ɗanta guda ya tafi kudu shiru ba labari, ciwon ƙugu kuma ya hana ta sunkuyawa. Geronta ya nuna a wata 'yar gona cikin kwari, shi ne abincinta na shekara. Aka tsai da ranar Asabar za mu yi mata gayya, mu yanke zangarniya, mu ɗaure, mu kai mata rumbu. Ni aka aika in faɗa mata.

Wanda bai taɓa noma ba, bari in faɗa masa. Gero in yana tsaye, ruwa ba ya yi masa wata ɓarna. Amma da zarar an sare kara an kwantar don ya sha iska, dole a kwashe cikin kwana biyu ko uku, in ba haka ba ruwa ya same shi a ƙasa ya lalace. Shi ya sa Iya ta riƙe hannuna ta ce, “Ɗiyata, kin tabbata kuna zuwa? In ba ku zuwa, in bar shi tsaye.” Na bugi ƙirji na ce, “Haba Iya! Mu da muka yi alkawari gaban Allah?” Ranar Alhamis ta roƙi maƙwabcinta, wani Malam Musulmi da gonarsu ke haɗe, ya sare mata geron kakaf.

Ranar Jumma'a da la'asar muna koyon waƙa sai ga dattijon ikilisiya ya shigo. Mutumin nan yana da shanun huɗa, yana da amalanke, ga 'ya'ya maza majiya ƙarfi har huɗu. Ko zama bai yi ba ya ce gobe yana son matasa duka a gonarsa, geronsa na kwance. Na ce, “Baba, gobe ai gayyar Iya ce.” Ko kallona bai yi ba. Ya juya wajen malaminmu ya ce, “Malam, ɗiyar wa ce wagga? Ba kai ke koya musu biyayya ba?”

Malam ya hau sosa ƙeya. Ya ce a ɗaga ta Iya zuwa Litinin, shi da kansa zai aika a gaya mata. Na ce, “Malam, geronta fa yana ƙasa. In ruwa ya zo fa?” Sai ya ɗaure fuska ya ce, “Mi muka koya a mako na ukku? Ki dogara ga Allah mana!” Kun ji fa! Darasin biyayya aka toshe mini baki da shi, darasin dogara aka sallame ni da shi, na tausayi kuwa ba wanda ya ƙara ta da zancensa.

Kada ku ɗauka na yi wata jarumtaka. Ni ɗin nan mai baki, Asabar da sassafe ina cikin na farko a gonar dattijo. Aka kawo shinkafa da wake da mai da yaji, na ci, har na nemi ƙari. Muna ta jigilar dami a ka, 'ya'yansa biyu suna zaune bisa amalanke suna nuna mana inda za mu ajiye. Bayan azahar sai ƙawata ta mintsine ni ta nuna gabas. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Na ruga wajen Malam na ce ko rabinmu ne a bari mu tafi wajen Iya. Dattijo ya jiyo, ya daka mini tsawa: “Ba mai motsawa sai an rufe nawa! Ku yi sauri!” Muka yi sauri kuwa. Dami na ƙarshe yana shiga rumbunsa, ɗigon farko yana sauka a goshina.

Nan ne na yar da gammo na zura da gudu, ƙawata na bina. Gonar Iya da nisa, kafin mu kai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Kwarin ya cika har idon sawu, gero kwance cikin laka. Iya na tsaye a karkace tana jan kara ɗaya-ɗaya, maƙwabcinta Malam da matarsa suna ta kwasar abin da za su iya suna kaiwa kan tudu. A gindin tsamiya kuwa ga manyan ƙore biyu cike da kunu, ruwan sama na zuba a ciki, ga ludaya an jera bisa faifai. Ashe ba wanda ya zo ya gaya mata komai. A al'ada mai gayya shi ke ciyar da ma'aikata, ita kuma sauran tsohon geron da ya rage mata ta daka ta dama mana kunu, ta bi gida-gida ta aro ludayi don kowa ya sami nasa, ta zauna jiranmu tun hantsi.

Da ta gan ni sai ta ce, “Ɗiyata, kin iso? Ina sauran? Kunun ya huce.” Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Maƙwabcin nata ne ya share ruwa daga fuskarsa ya ce, “Yarinya, da kun ce ba ku zuwa, ai da ban sare ba.” Na rasa inda zan sa fuskata.

Kwana uku ruwan nan yana yi yana ɗaukewa. Geron ya yi baƙi, wani ya tsiro a jikin zangarniya, abin da aka tsira da shi ko dami huɗu bai kai ba. Amma ku tsaya ku ji na ranar Lahadi. Lokacin ba da shaida dattijo ya miƙe, baki har kunne, ya ce a taya shi godiya, Allah ya riƙe ruwa a sama har sai da daminsa na ƙarshe ya shiga rumbu. Ya ƙara da cewa a yi wa yara masu biyayya tafi. Aka tafa mana! Iya na zaune a layin baya ta sa hannu a ƙugu. Na yunƙura zan tashi, mahaifiyata ta watso mini wani kallo daga ɓangaren mata, na koma na zauna.

Muna shiga gida na zazzage mata duk abin da ke cikina, na kwashe wa dattijo albarka, na haɗa da malaminmu. Ta bari sai da na gaji, sannan ta ce, “Duk na ji, kuma ba ki yi ƙarya ba. To amma ke, ƙafarki ta karye ne ran Jumma'a? Gidan Iya nisansa nawa? Ke kika kai alkawari, ke ya kamata ki koma ki ce ya warware.” Ta ce in je in wanke ludayan nan in mayar wa masu su da kaina. Haka na bi gida-gida, na Kirista da na Musulmi, wasu suna tarbata da “Sannunku da aiki, an kai rumbu?” wasu kuma sun riga sun ji, su karɓa kawai.

Mahaifiyata ba ta tsaya a kaina ba. Ta tara zumuntar mata, kowace ta kawo tiyar hatsi, Iya ba ta kwana da yunwa ba a shekarar. Ta kuma tari dattijo a ƙofar majami'a ta ce, “Baba, Allahn da ya riƙe maka ruwa, shi ne Allahn Iya ko wani ne daban?” Bayan kwana biyu ya aika ɗansa da dami biyu, ko gaisuwa babu. Malaminmu shi ya nemi gafarar Iya, wannan kam na yaba masa. Dattijo kuwa har ya koma ga Mahaliccinsa ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba.

Yanzu ni ke koyar da matasa a majami'armu ta wajen Sheme, kuma ina koya musu biyayya, ban fasa ba. Na yafe, gaskiya na yafe, amma haushin bai mutu ba. Abin da ke ci mini rai shi ne babba ya ɗauki Maganar Allah ya mai da ita igiyar jan yara zuwa gonarsa, wani kuma ya kira sakacinsa dogara. Ina gaya wa yaran nan su girmama manya, amma in biyayyar za ta bar wani yana zaman jiransu, to aƙalla su taka su je su faɗa masa, kada su jira a aika.

Ludayi goma sha shida na mayar ran nan. Na goma sha bakwai ɗin na rasa mai shi, na koma wajen Iya na tambaye ta na wane gida ne. Ta ce, “Wannan nawa ne, ba aro ba ne. Ke na ajiye ma shi, tunda ke kika kawo mini albishir. Riƙe abinki.” Yana nan rataye a madafata, ban taɓa shan komai da shi ba.