Layar da Na Sa a Salular Alhaji

Na yi kaso, gidan yari ke nan, saboda wasan salula. Ban yi lakwal ba, boko ya wuce ni, ban kuma iya doguwar magana ba. Abin da ya faru zan faɗa, mai kunne ya ji.

Da can tebur gare ni kusa da tashar Madarunfa. Farantin hasken rana, batir, da igiyoyin caji rututu. Mutane su kawo salula su tafi harkarsu, su dawo su karɓa. Ina loda wa mata wa'azi, samari kuma bidiyon kokawa. Ba wanda ya taɓa kuka da ni. Abin yana ci da ni da tsohuwata, ba yabo ba fallasa.

Sai wasan nan na harbe-harbe ya shigo gari, wanda ake haɗuwa ta intanet da mutanen da ba ka taɓa gani ba. Samarinmu suka afka masa. Kullum 'yan Maraɗi da 'yan Katsina na karkashe su, don rezonmu na intanet ba ƙarfi. Bakin teburina suke zama suna tsiya, wanda aka fara kashewa shi ke sayen sukarin shayi.

Wata ranar kasuwa wani mutum ya zo daga wajen Ɗan Isa, ana ce masa Dogo. Ya nuna mini wani ƙari da ake liƙa wa wasan. Ba kamfanin wasan ya yi shi ba, wasu 'yan wasa ne suka haɗa abinsu. In ka sa shi kana ganin abokin gaba ta bayan bango, harsashinka ba ya kuskure. Yara suka raɗa masa suna laya. Wurin sa ta, rubutu kan fito yana tambaya. Dogo ya ce in riƙa danna na dama kawai har ya ƙare. Kyauta ya ba ni, ya ce in sayar in ci. Ban tambaye shi abin da shi zai ci ba.

Laya ta karɓu. In kamfanin ya gane mutum na da ita sai ya kore shi daga wasan, yaro ya sake suna ya dawo wurina. Na san cuta ce, don mai wasa da hannunsa ba ya kai labari gaban mai laya. Na ce ai wasa ne.

Da Dogo ya dawo, ya ja ni bayan tasha ya kunna mini wata murya a salularsa, ya ce ko na san mai ita. Na sani, wani dillalin gero ne na unguwarmu. Ya ce duk salular da laya ta shiga, saƙonnin muryar da ke ciki suna zuwa hannunsa, kuma yana iya tura saƙo da lambar mai ita. Yadda yake yi, har yau ban sani ba. Abin da ya rasa shi ne ɗan gari wanda ya san muryoyi, ya san wa ke ciniki da wa. Ya kamata in kore shi. Sai na tambayi rabona.

Ga inda dabarar take. Wasan na son babbar salula, manyan salula kuwa a garinmu na hannun 'yan kasuwa, kuma yawancinsu ba su iya latsa ta ba. Ɗa ne ke riƙe ta, ya danna, uba ya yi magana, ɗa ya tura. Cinikin wake da gyaɗa duk da saƙon murya ake yi. Muryar mutum ita ce sa hannunsa. In uba ya tafi masallaci ko ya kishingiɗa, ɗa ya buɗe wasa.

Alhaji Illa mai wake yana da magaza, rumbun ajiyar buhuna, a Safo, wani dattijo Mati ke tsaron ta. Ɗan Alhaji, Nafi'u, shi ke riƙe masa salula. Yaron ya iya wasan, kuma ya daɗe yana ƙin laya. Abokansa suka sa shi gaba, suna kiran sa limamin wasa, suna cewa ya ja su salla tunda harbi ya gagara. Ran nan ya zo ya miƙo mini salular ubansa.

"Yaya, sa mini, sau ɗaya kawai."

Yaya yake ce mini. Na sa masa, ban ma karɓi komai ba.

Cikin tsofaffin saƙonnin Alhaji na tsinci wani na kakar bara: "Mati, ga mai amalanke nan tafe, ka loda masa wake, ni na aiko shi." Ba rana a ciki, ba sunan kowa. Dogo ya tura wa Mati shi da lambar Alhaji. Ni na nemo mai amalanken jaki daga wani ƙauye, bai san komai ba. Ya yi ta sawu har magaza ta kusa yashewa. Waken ya tsallaka iyaka.

Alhaji ya rantse bai aiki kowa ba. Mati ya kunna saƙon gaban jama'a. Murya tasa, lamba tasa, kuma ranar salula na hannun Nafi'u. Ba sai an faɗa ba. Alhaji bai kai yaron wurin jandarma ba, gara ma da ya kai shi. Ya karɓe salula, ya daina amsa gaisuwarsa, ya ce a raba masa kwano. Yaron ya zo teburina idanunsa jajur yana tambaya ko laya na iya yin haka. Na dube shi na ce laya ba ruwanta da saƙo. Bayan kwanaki ya bar gari, aka ce ya yi arewa wurin haƙar zinariya.

Ni a wani aikin irin wannan aka kama ni, a garin Sarkin Yamma. Mai tsaron magazar can ya gane jakin, aka bi mai amalanke, ya nuna ni. Dogo ya tsallaka, ba a sake ganin sa ba. Gaban alƙali na amsa wanda aka kama ni da shi. Na Alhaji Illa na haɗiye, don kar a ƙara mini shekaru.

Kaso ba zan ba ku labarinsa da yawa ba. Zafi, ƙwarƙwata, kwana a gefe ɗaya. Tsohuwata ta riƙa kawo mini fura har ƙafa ta gagare ta. Ita ta gaya mini uwar Nafi'u ta daina shiga mutane, suna ko biki ba a ganin ta, don ana nuna ta ana cewa ga uwar wanda ya yi wa ubansa sata. Na ji, na yi shiru. Shirun nan ya fi sarƙa nauyi. Kafin a sake ni na ɗaura wa kaina cewa ƙofar Alhaji zan fara zuwa, ko da zai mayar da ni inda na fito.

Na same shi zaure bayan la'asar. Na tsuguna na faɗa masa komai, ban rage ba. Na ce ga ni, in jandarma ne mu tafi.

"Wake ya tafi, na bar shi," ya ce. "Yarona fa?"

Aka nemo lambar wani ɗan garinmu da ke tare da Nafi'u. Alhaji ya sa aka danna masa, ya yi magana, ya ce gaskiya ta fito, ya dawo gida. Amsa ta zo daga bakin abokin. Nafi'u ya ce shi ya riga ya ga abin da ake yi da muryar babansa, ba ya gaskata ta a salula.

Sai aka koma irin ta da. Alhaji ya cire zoben azurfa daga yatsansa ya ba ni, ya ce ni na kore shi, ni zan je. Na hau motar kaya na yi arewa. Na sami Nafi'u bakin rami, ya rame, ƙura har cikin gira. Na ba shi zoben, na maimaita masa abin da na faɗa wa ubansa. Bai zage ni ba. Ya ce in matsa daga inuwarsa. Bai biyo ni ba, amma da kaka ya dawo da ƙafarsa. Yanzu shi ke riƙe da makullin magaza. In mun haɗu ba ya gaishe ni, kuma daidai ne.

Kwanan baya na ji samari a fada, majalisarsu ta shayi, suna gardama kan ko ya kamata kamfanonin wasa su hana irin waɗannan ƙare-ƙaren gaba ɗaya. Wani ya ce ba duka ke cuta ba, akwai wanda riga kawai yake canza wa ɗan wasa, akwai ma wanda ke sa shi ihu da Hausa. Wani ya ce salularsa ce, ba mai hana shi sa abin da ya ga dama. Suka ce tsohon mai laya ya raba gardama.

Na ce a hana. Na tambayi mai cewa salularsa ce, ta wa ce a hannunsa. Ta wansa ce. Na ce wanda ya haɗa abu mai kyau ya kai wa kamfanin su duba, ya shigo ta ƙofa kowa ya samu daidai. Wanda ke yawo hannu da hannu a tasha, ba ku san wanda ya haɗa shi ba, ba ku san abin da kuke amsa masa ba in kuna danna na dama. Wasan da mutum ɗaya ke gani ta bayan bango kuwa ya tashi daga wasa.

Samari, ku yi wasanku da hannunku, in an kashe ku ku sayi sukari. Wanda ya ba ku abu kyauta, ku tambaye shi abin da zai ci. Salular mahaifi amana ce, muryarsa na ciki.

Ina nan Madarunfa, ina dakon buhu a kasuwa. Ba mai ba ni salularsa ya riƙe, ni ma ba na karɓa.