Dulmaa Mai Tsige Wutsiyar Ingarma

Da sassafe Yaya Dulmaa take naɗe ƙaurinta da fata, ta zuba ambulan a jaka, ta hau babur ta nufi garkunan kwarinmu. Aikinta shi ne ta lallaɓa bayan doki, ta tsige gashin wutsiyarsa har da saiwa, ta yi tsalle gefe kafin kofato ya iso. Masana a Ulan Bator, babban birnin ƙasarmu, ke duba ƙwayoyin gadon da ke saiwar, su gane wane irin doki ne ɗan'uwan wane. Bana ta ajiye aiki tana ɗingishi, kuma kowa ya san ingarman da ya yi mata wannan aika-aika.

Shekarar da ta fara zuwa, dusar ƙanƙara ta kusa rufe hanya, sai ta raba ambulan ta ce kowa ya tsigo mata na ingarmansa. Baiwar Allah, 'yar birni ce a lokacin. Ba ta san a wurinmu arzikin garke a gashin ingarma yake ba, ba a miƙa wa baƙo ya tafi da shi. Kuma ba a sallamar baƙo hannu wofi. Don haka kowane maigida ya saci jiki ya je wurin Fari, dandaƙaƙƙen tsohon dokin gwauruwa Tsend wanda ko ƙuda ba ya kora, ya tsigo. Kowa yana ganin shi kaɗai ne mai wayo.

Da hanya ta buɗe sai ga Dulmaa, fuska ba annuri, ta tara mutane a tantin dattijonmu Baba Gombo.

"Baba, awo ya nuna duk ingarmun kwarin nan ɗaya ne."

"Jini ɗaya, 'yata! Ai mun daɗe muna faɗa."

"Ba jini ɗaya ba, Baba. Doki ɗaya. Wutsiya ɗaya."

Tsend ta dire kofin shayi. "Af! Ni ina ta shafa wa Fari kitsen tunkiya, na ɗauka ƙazuwa ce ta cinye masa wutsiya, ashe ku ne, marasa kunya!"

Dariya ba ta yi nisa ba. Dulmaa ta ce mutanen ofis sun ɗauka auren gida ne ya kashe irin, za su dandaƙe ingarmunmu kafin kaka su kawo dogayen dawakai daga waje. Dogaye, waɗanda ba su san a tona ƙanƙara da kofato a ci ciyawa ba! Ranar hankalinmu ya tashi ƙwarai.

Ke ce ba ki tona mana asiri ba, Yaya Dulmaa. Kika roƙa a ba ki lokaci zuwa kaka, kika bi mu tanti tanti. In kin tsige gashi sai ki datse saiwar da almakashi, ki miƙa wa maigida sauran da hannu biyu: "Ga arzikinka, Kawu, ni dattin kawai nake so." A kowane gida sai an cika miki kwano da nonon goɗiya mai tsami, ba ki taɓa mayarwa ba, ko da yake an sha ganin babur ɗinki a yashe bakin hanya, ke kuma kina tsugune bayan tudu. Gwanar tsalle, shuri bakwai na ingarman Baba Gombo kika kauce wa, na takwas ya same ki.

Sabon awo ya nuna dawakanmu iri ne mai zaman kansa. Wuƙa ba ta taɓa ko ɗaya ba.

Ranar sallama Baba Gombo ya miƙa mata igiya da aka tufka da gashin kowane ingarma na kwarin, masu su suka tsigo da hannunsu. Ba a taɓa yi wa wani haka ba. Ta share ido, ta jujjuya igiyar, ta ce, "Zan dai kai ta Ulan Bator a duba, kada ya zama doki ɗaya ne."

Mun gode, Yaya Dulmaa. Ku matasan da za ku gaje ta, ku koyi mutane kafin ku koyi dawakai, kuma ku tsaya ta gefe.