Ranar da Aka Rantsar da Ni a Kan Gaisha

Ban taɓa mantawa da ranar da aka sa na dafa Alƙur'ani a gaban alƙalin Nasara don in ba da shaida a kan ƴar gwaggona ba. Ku ƴan matan da ke aikin kotu da gidan kaso a nan Arlit kun dame ni in rubuta muku labarin, to ga shi. Hannuna ba shi da kyau, don sai da na yi jikoki na shiga ajin yaƙi da jahilci. Wadda ta ga kuskure ta gyara a zuciyarta, kada ta zo ta faɗa mini.

A lokacin babu Arlit, babu Akokan. Wurin nan fili ne da duwatsu, ko akuya ba ta kwana. Ni ina Agadas, ina aikin tsaron mata a gidan kaso, a ƙarshen mulkin Faransa, cikin shekarun da ake rigimar ƙuri'ar i ko a'a, wato a zauna da Faransa ko a rabu da ita. Aikina shi ne in caje mace idan an kawo ta, in kulle ɗaki, in duba abincin da aka aiko daga gida, in raka ta kotu in dawo da ita. Sama da ni akwai sarjan na gardi, wato masu gadin kaso, sama da shi akwai kumandan, Banasaren da ke riƙe da ƙasar Agadas duka. Ba ni da kaki. Mabuɗi ne kawai a ƙuguna, amma ina ji da shi.

Wannan dutsen na yuraniyom da ya gina muku garin nan, a lokacin ne Nasara suka fara nemansa. Sun kafa zango yamma da Agadas kusa da wata rijiya, suna ɗibar ruwa da duro-duro suna kai wa injinansu. Makiyayi ya zo da hantsi sai ya tarar da laka. Maza suka kai kuka, aka ce su yi haƙuri. Sai wata safiya mata suka fito da jakunansu da busassun salkunansu, suka zauna a tsakiyar hanyar kamyo, wato babbar motar ɗibar ruwa. Ba su jefi kowa ba, ba su zagi kowa ba. Zama kawai suka yi har rana ta yi tsaka, kamyo ya juya. Washegari jandarma suka kwaso su.

Kumandan ya ce wannan ba maganar ruwa ba ce, ƴan jam'iyyar a'a ne suka zuga su. Aka rubuta musu laifin tayar wa hukuma. Wanda aka kama da wannan laifi ba a gari yake zaman kaso ba, gabas ake kai shi, can cikin hamadar Tenere, inda uwa ba ta iya kai wa ƴarta ko dabino. Mata da yawa aka sallama da gargaɗi. Aka riƙe kaɗan, kuma wadda ake so a ɗora wa komai ita ce Gaisha.

Gaisha ƴar gwaggona ce. Ubana da uwarta ciki ɗaya suka fito, wato taubashiyata ce. Ni ƴar namiji, ita ƴar mace, don haka a al'ada baiwata ce, ina da ikon in zage ta a tsakiyar kasuwa ta rama, ba mai cewa uffan. Wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ni zagin nawa ba duka ne wasa ba. Tun muna yara ita ce doguwa, ita ce mai murya. In ta ce a tafi itace sai a tashi, in ni na ce sai a tambaye ni wa ya aike ni. Na samu aikin hukuma na ce to yanzu za a gan ni. Sai ga shi an kawo mini ita a ɗaure, kuma gari duk ya biyo ta.

Kullum ƙofar kaso cike da kwanuka. Masu lambu su aiko dabino, makiyaya su aiko cuku, har da shayi da sukari. Wa ke ɗauka? Ni. Wa ke buɗewa ta duba ta kai mata har gabanta? Ni. Uwata da ta haife ni ta zo da fura ta miƙo mini ta ce, "Habsu, kai wa Gaisha, ki ce ta sha da sanyinta." Ba ta tambaye ni ko na karya ba.

Na shiga na dangwarar mata da ƙwaryar na ce, "Ga shi, baiwa. Allah ya sa a kai ki inda ko raɓa ba ta sauka."

Ta ce, "Amin, ƴar kawu. Sai in ce a haɗa ni da ke, wa zai riƙa ɗauko mini ƙwarya?"

Na ce, "Ke kika tara matan nan, ko ba ke ba?"

Ta ce, "Ni ce mana. Da ke ce da ko jaki bai biyo ki ba."

Haka muke yi safe da yamma, da ƙarfi, har waje ana ji. To ashe akwai mai saurare. Mai gabatar da ƙara, wani Banasare siriri da aka turo don shari'ar, ya zo duba kaso ya tsaya a bakin ƙofa, ya sa tafinta ya juya masa abin da muke cewa. Tafintan Malam Sidi ne, mutumin Damagaram, mai tsoron aikinsa. Ya juya masa kalma da kalma. Banasare ya yi murna. Direban kamyo ya riga ya ce shi bai iya bambance mace ɗaya da wata a cikin baƙaƙen mayafai, jandarma kuma sun zo bayan an watse. Ba shi da shaida. Yanzu ga ma'aikaciyar hukuma da ta ji da kunnenta, kuma a ganinsa ta tsani wadda ake tuhuma.

Aka kira ni biro, wato ofis. Mai gabatar da ƙara ya ce ta bakin Malam Sidi, "Kin ji ta ce ita ta tara su?"

Na ce, "Na ji."

"Za ki faɗa a gaban alƙali?"

Sarjan yana tsaye a bayana. Na ce, "In an rantsar da ni ba zan yi ƙarya ba."

Da muka fito na ce wa Malam Sidi, "Malam, ka faɗa masa ko wace ce ita a wurina?" Ya gyara hularsa ya ce, "Habsu, ni abin da aka tambaye ni nake juyawa. Ba a tambaye ni ba."

Bari in bayyana muku yadda kotun take, don ba irin taku ba ce. A babban laifi alƙalin Nasara ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Ana zaɓo dattawan gari su zauna hagu da damarsa, ana ce musu asesar. Idan an gama jin kowa sai su shiga ɗaki tare da shi, kowa ya faɗi nasa, inda aka fi yawa nan hukunci ya faɗa. Kumandan ne ke tace sunayensu, don haka yakan zaɓi waɗanda yake ganin ba su da hayaniya. A cikin na ranar akwai Madugu Agali, tsohon jagoran ayarin gishiri, wanda sau da yawa za ka ɗauka barci yake yi a cikin rawaninsa.

Ranar shari'a ni na rako Gaisha, na zaunar da ita a benci, sannan aka kira sunana na tsallaka wancan gefen. Ɗaki ya cika, tagogi sun cika da kawuna, na hango uwata a ɗaya. Aka kawo Alƙur'ani na dafa. Kada wadda ta tambaye ni abin da ke raina a lokacin. Ba na so a kai ta Tenere. Amma ina so sau ɗaya a duniya in yi magana gari ya yi shiru ya saurare ni, ita tana zaune.

Kuma an yi shirun. Mai gabatar da ƙara ya tambaya, na ce, "Na ji da kunnena ta ce ita ta tara su." Ba ka jin komai sai alƙalamin magatakarda. Na ga uwata ta ja mayafi ta rufe fuska. Banasare ya ce in ci gaba, wane irin hali gare ta? Sai bakina ya ɓalle. Na ce tun tana yarinya ba ta iya ganin mutum biyu ba ta zama ta gabansu ba. Na ce kowa ta kira sai ya bi ta kamar ta ba shi magani. Na ce ko a kaso mulki take yi, ni nake mata bauta. Duk gaskiya ne, kuma da zafi na faɗe shi.

Sai Gaisha ta ɗago daga benci, ba ta nemi izinin kowa ba, ta ce, "Ƴar kawu, kin manta ba ki faɗa musu ni na shanye rijiyar ba."

Wani ya tuntsire da dariya a taga. Ni kuwa raina ya ɓaci, na manta inda nake, na juya na daka mata tsawa: "Rufe mini baki, baiwa, uwargijiyarki na magana!"

Shi ke nan. Ɗaki ya fashe. Ƴan gardi na buga ƙasa da gindin bindiga, su ma suna dariya. Alƙali ya yi ta bugun tebur yana tambayar Malam Sidi me ya faru. Sai Madugu Agali ya motsa, ya ɗaga yatsa yana neman izinin tambaya. Aka ba shi.

Ya ce, "Ƴata, ubanki mene ne ga uwar wannan?"

Na ce, "Ƙanenta ne, Baba."

Ya ce, "To." Ya koma cikin rawaninsa.

Yanzu kam an tambayi Malam Sidi, sai ya yi bayani, ya daɗe yana yi. Mai gabatar da ƙara ya miƙe fuska ja, ya ce wannan mata ta rantse da littafinsu, ko littafin ma wasa ne? Madugu ya ce, "A faɗa masa ba mu ƙaryata ta ba. Ta rantse ta ji, kuma mun yarda ta ji. Amma a bakin wa, kuma wa ake faɗa wa? Ni taubashina duk inda ya gan ni sai ya ce shi ya sace mini raƙumi, ya yanka ya ci. In a kan abin da taubashi ya faɗa wa taubashi ake ɗaure mutum, to a fara gina kaso mai girman Agadas."

Suka shiga ɗaki. Ba su daɗe ba. Da suka fito alƙali ya karanta takarda ba tare da ya dubi kowa ba, Malam Sidi ya juya: ba a samu hujja ba, an sallame su duka. Dattawan sun rinjaye shi.

Guɗa ta tashi tun daga taga har bakin kasuwa. Aka ɗora Gaisha a kan jaki, mata na tafi suna saka sunanta a waƙa. Ni na tsaya a ƙofar kotu da mabuɗina. Rabin gari na cewa Habsu ta so ta sayar da jininta, Allah bai ba ta sa'a ba. Rabi na cewa kai, Gaisha akwai kai, dubi yadda ta shirya abin da taubashiyarta. Ko a bakin masu yabon, ita ce mai dabara, ni kayan aiki. Kafin sati ya zagayo kumandan ya sa aka karɓe mabuɗin, wai na mai da kotun Faransa dandalin wasa.

Na haɗu da Madugu Agali bayan nan a hanyar masallaci. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, tsakaninka da Allah, ka yarda wasa take yi da ta ce ita ta tara su?" Ya dube ni ta saman rawani ya ce, "Ƴata, raƙumana ma a rijiyar nan suke sha." Ya wuce.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Hukuma takan kawo mutum kotu da sunan laifi alhali abin da ke ranta daban ne. In aka zaunar da mutanen gari su yi hukunci, sun san abin da ya fitar da mutum kan hanya, don su ma ƙishin ya taɓa su. Ba sa iya cewa doka ƙarya ce. Ƙofa suke nema wadda za su bi su fita da mutuncinsu, kuma sau da yawa ƙaramin ma'aikaci ne ƙofar. Ku faɗi gaskiya in an rantsar da ku, amma kada ku sa rai za a gode muku. Ba a yi wa ƙofa guɗa.

Washegarin ranar da aka kore ni, ina ɗaki na ƙi fitowa, sai na ji ana shara a tsakar gidanmu. Na leƙa. Gaisha ce, ta ɗaure ɗankwali a ƙugu, ta duƙa da tsintsiyar uwata, maƙwabta sun taru a kan katanga suna kallo.

Na ce, "Me ya kawo ki?"

Ta ce, "Ba ke kika faɗa a gaban alƙali ba? An rubuta a takardar Nasara baiwarki ce ni. Matsa, kin tsaya mini a kan shara."

Na matsa. Na tsaya ina kallonta har ta kai bakin zaure, ina neman inda ta bari in yi magana. Yau shekarunta nawa a ƙasa, Allah ya jiƙanta, har yanzu abin na ci mini rai. Ko sharar ma ta fi ni iyawa.