Saƙon Inna ga Angonta

Ƙanena ya rasu a Sifaniya, ya bar matarsa 'yar can da yaro ɗan shekara huɗu. Ba Hausa a bakinsu, matar kuma ko Turanci ba ta ji. Inna ba ta taɓa ganin jikan nan ba sai a hoto, kullum maganarta ke nan.

Ni da nake koyarwa a firamare a Rogo na bugi ƙirji na ce a bar mini aikin fassara, Sifaniyanci ai ba gagara ba ne. Na sauke darasi a waya. Babin da ya fi yi mini daɗi shi ne na duniya da abin da ke cikinta. Mundo, duniya. Tierra, ƙasa. Mar, teku. Cielo, sama. Ina tafe a babur zuwa Zoza ina rera su, a majalisa kuwa na ishi kowa, har aka fara ce mini Malam Mundo. Wallahi daɗi nake ji.

Ranar da matar ta yarda a yi kiran bidiyo, Inna ta yi wanka, ta sa atamfarta ta Sallah, ta shafa kwalli. Maƙwabta suka cika tsakar gida. Sai ga yaron, da goshin ubansa sak.

Na zaci gaisuwa za a yi a tashi. Na manta kaka ba ta gaida jika haka kawai, sai ta tsokane shi. Inna ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Kai, gaya wa angon nawa, wane irin miji ne shi, ba cefane ba zane? In bai zo ba, zan fita in bar masa gidansa."

Mata suka kwashe da dariya, suka zuba mini ido. Na lalubi Sifaniyancin da ke kaina, ba kalmar miji, ba kaka, ba zo. Na buɗe baki na ce, "Mundo." Yaron ya dubi uwarsa, uwar ta dube ni. Kunya kamar in nutse.

Inna ta jira. Can sai ta sassauta murya ta ce, "To bar wasan. Ce masa Allah ya raya shi."

Wannan ma ban koya ba.

Ta karɓi wayar daga hannuna, ta ɗora tafinta a kan gilashin daidai kan yaron, ta sa masa albarka da Hausa. Hannun nata ne ya katse kiran.